Nalado da Jinjirin Watan da Ya Fito ta Gabas

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Nalado ake ce masa, mai ɗaukar hoto ne. Ku matso, ku kife wayoyin nan, da ku nake.

Nalado ba shi da komai sai kyamara guda da ɗan shago. Shagon ma ba nasa ba ne, na wani attajiri ne, Alhaji Sambo. Hoton suna, hoton biki, ɗan fasfo, da su yake ciyar da mace da 'ya'ya biyar. Amma abin da ransa ke so shi ne ɗaukar hoton wata. Sai ya yi kwana uku yana neman inda zai tsaya don wata ya zauna daidai kan tsohon rimin kasuwa. In gajimare ya rufe, ya naɗe kayansa ya ce sai wani watan.

To, Alhaji Sambo ya gina masallaci, hasumiya har can sama, aka rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a kan ƙofar shiga. Ya buga kati ya aika wa manyan baƙi: ranar Laraba Sallah, ranar za a buɗe masallaci. Ku ji fa! Tun azumi na goma mutum ya yanka wa Sallah rana, kamar watan a aljihunsa yake.

Talata ta zo, azumi ashirin da tara. Baƙi sun cika gari. Aka sallame magariba, kowa ya fita duban wata, hadari ya rufe yamma ruf. Nalado ya hau tudu da kyamararsa, ya tsaya har jan sama ya ɓace. Babu.

Yana saukowa Alhaji ya sa aka kira shi.

"Nalado, ka samo mana?"

"Ranka ya daɗe, bai fito ba."

"Ya fito mana, hadari ne ya tare shi. Ai kana da hoton masallacina, kana da tsohon hoton jinjirin wata. Haɗa min su."

"Alhaji, in hoton ado ne na bango, in haɗa maka, in rubuta a ƙasa cewa haɗi ne. Amma wannan mutane za su ajiye azumi da shi."

"Kai, a shagon wa kake kwana kana tashi?"

"Naka ne."

"To ba ni makullina."

Ya ciro ya ba shi. Ya san halin da gidansa ke ciki fa, amma ya ba shi.

Ku saurara. Alhaji ya aika wa wani mai haɗa hoto a birni, kafin isha'i hoto ya dawo. Wayyo, kyau! Ga ƙofa, ga suna, ga hasumiya, ga jinjirin wata siriri a gefenta. Daga wannan waya zuwa waccan, gari ya ɗauka. Mata suka fara jiƙa shinkafa, ana guɗa ta katanga. Sai limamin gari, Malam Ubale, ya ce shi ba ya sanarwa sai mai sana'ar ya duba. Aka nemo Nalado, aka kawo shi gaban jama'a.

Alhaji ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Ka ce na gaske ne, gobe makullinka na hannunka. Kalma ɗaya."

Nalado ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba zan ce wane ya yi ƙarya ba. Tambaya zan yi. Wannan ba ƙofar shiga ba ce?"

"Ita ce, ga sunan Alhaji nan."

"Wanda ya tsaya ya ɗauki ƙofar nan, ina ya fuskanta?"

"Alƙibla mana. Gabas."

"Ɗazu da muka sallame, ina muka juya muka nemi wata?"

Jama'a suka waiwaya yamma. Sai wani tsoho ya saki sandarsa ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jinjirin wata a gabas? Tashin duniya ya zo ke nan!" Salati ya kaure. Liman ya dafe kai. Shekara da shekaru kowa ya san sai ka ba wa alƙibla baya kake ganin sabon wata, amma kyan hoto ya mantar da gari guda. Shi kuwa Alhaji, so yake lallai sunansa ya fito, shi ya sa ya zaɓi wannan ɓangaren.

Ni abin da ke tsaya min a rai, ku ƙirga. Gari mai mutum dubu nawa? Kowa da azuminsa guda na farilla. Da sun sha ran nan, wasu su rama, wasu su mutu ba su ma san ana bin su ba. A wuyan wa? Wa ke da wuyan ɗaukar wannan?

Aka tashi da azumi, aka cika talatin. Kada ku zaci an mayar wa Nalado da shago. Ba a mayar ba. Gindin bango ya koma, ya rataya zane yana ɗaukar fasfo, wata rana a ci, wata rana a kwana haka. Bai taɓa zagin Alhaji ba, ko an ja shi da maganar.

To ga shi nan. Mutumin kirki shi ne wanda bai gani ba ya ce bai gani ba, ko da abincinsa na hannun mai tambayar. Ku kuma, kullum yatsa na kan waya, an turo muku kun tura. Wata kamar faifai a kan gada, kun tura. An ga wane a wuri kaza, kun tura. Wanda ya haɗa yana da nasa kason, kai da ka tura kana da naka, kuma a rubuce yake. Kafin ka danna, tsaya ka tambayi kanka: mai ɗaukar nan ina ya tsaya, ina ya fuskanta? In ba ka sani ba, bar shi ya mutu a hannunka.

Allah ya sa mu faɗi abin da idonmu ya gani, ya rufa mana asiri ranar da za a tambaye mu. Ku ce amin.