Shinkafa a Kan Kwalta

Wani Ciyaman ya shiga rediyo ya ce da kuɗin kasafin bana ya malala wa Layin Maƙera kwalta. Da damina ta sauka, Gambo mai faci ya dasa shinkafa a ramukan layin, ta yi kore shar.

Aka kai shi gaban Ciyaman.

"Kai ka mai da titin gwamnati gona? Faɗa mini dalili, kuma kada ka kuskura ka ce ban yi aiki ba!"

"Ranka ya daɗe, ni na isa? Kwaltarka ce mai albarka, har shinkafa take fitarwa. Na ma gayyato 'yan jarida su zo su gani."

Washegari sai ga motocin kwalta.

Gambo ya tare su yana tsalle: "Ku dakata sai na girbe!"