Mutuwar Gizo a Ɗakin Haya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta mai gida da ɗan haya ce.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari akwai Burgu, tsoho mai babban gida. Da ƙarfinsa ya gina ɗakunan tun yana saurayi, da ƙarfi ya ƙare sai ya zuba 'yan haya, da abin da suke biya yake cin tuwo. A cikinsu akwai Gizo da matarsa Ƙoƙi, su ne a ɗakin da ya fi kowanne sanyi, na gindin tsamiya. Tun ranar da Gizo ya shimfiɗa tabarmarsa, Burgu bai ga ko wuri ɗaya daga hannunsa ba.

Ran nan Burgu ya yi sallama. "Gizo, na zo kan maganar nan."

"Baba, ai yanzu nake zancenka! Gerona yana gona, bari ya nuna."

Gero ya nuna, aka girbe, Burgu ya dawo.

"Wayyo Baba, da jiya ka zo! Surukaina suka sauka, ka kuwa san cin surukai."

Daga cikin ɗaki Ƙoƙi ta ce, "Iyayen nawa da suka zo da guzurinsu?" Gizo ya kama tari har sai da ya danne muryarta.

Zuwa na uku Burgu ya tarar da shi da cinyar kaza a hannu, mai yana bin gwiwarsa.

"Magani ne, Baba. Boka ya ce in ban ci ba mutuwa zan yi. In na mutu wa zai biya ka?"

Burgu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, damina ta ƙarato, rufin ɗakina yana yoyo, ba ni da abin sayen azara. Ran kasuwa mai zuwa, ko kuɗi ko ɗaki."

Gizo ya zauna yana juya abin. Kuɗi dai ba zai bayar ba, ɗakin nan mai sanyi kuma ba zai bari ba. Sai ya tuna da al'adar garin: in an yi mutuwa, kafin a sallaci gawa, liman yakan tambayi jama'a ko akwai mai bin mamaci bashi. Tausayi da kunyar idon mutane kan sa masu bi su ce sun yafe.

Ya ce, "Ƙoƙi, gobe zan mutu."

"Allah ya sa da gaske."

"Ke dai ki yi kuka. In tsohon nan ya yafe, aka ɗaga makara, sai in yi atishawa, ki ce dogon suma na yi."

Da safe Ƙoƙi ta ƙwala ihu. Aka taru, aka yi wa Gizo wanka yana danne dariya don cakulkuli, aka naɗe shi a likkafani, aka ajiye a ƙofar gida. Liman Hankaka ya gyara murya.

"Jama'a, akwai mai bin Gizo bashi?"

Kowa ya juya yana kallon Burgu, shi kuma yana kallon ƙasa.

Liman ya sake tambaya. Burgu ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa. A cikin likkafani gumi ya fara karyo wa Gizo.

A tambaya ta uku tsohon ya share ido da gefen rigarsa. Ya ce, "Ina binsa hayar ɗaki tun shigarsa. Jiya-jiya na tsananta masa, ashe da gaske ba shi da lafiya. Ba zan bar shi ya kwanta da nauyina ba. Na yafe, duniya da lahira."

Daɗi ya kama Gizo har ƙafarsa ɗaya ta motsa. Ba wanda ya lura sai Kurege, da ke tsugune kusa da makara.

Liman ya ce, "To, akwai wanda mamacin yake bi?"

Kurege ya miƙe. "Ni ne, Malam. Yana bina tulun zuma, cike har wuya. Tunda ya tafi, sai in kai wa Baba Burgu ya rage asara."

Likkafani ya tashi zaune.

"Wa? Burgu? Ai ya riga ya yafe, kowa ya ji! Ni za ka ba!"

Liman ya tashi sama, ya sauka kan tsamiya. Jama'a suka watse, wasu ba takalmi. Ƙoƙi ta fara cewa, "Dogon suma ya..." sai ta ga ba mai saurare, ta ja gyalenta ta nufi gidan iyayenta.

Gizo ya kama Kurege. "Ina zumata?"

"Wace zuma? Yaushe ka taɓa mallakar ko ludayi, balle ka ba ni rance?"

Burgu kaɗai ne bai gudu ba. Ya daɗe yana kallon Gizo, sannan ya ce, "Abin da na yafe a gaban jama'a na yafe, ba zan dawo da shi ba. Hawayena ne dai nake jin ciwonsu." Ya shiga ya fito da tabarmar Gizo, ya ajiye a waje, ya datse ƙofa. Kafin la'asar ya ba Bushiya ɗakin, ita kuwa ta biya kafin ta shiga, aka sayi azara.

Gizo ya bi gari neman ɗaki. A gidan farko aka ce babu. A na biyu aka saki kare. A na uku matar gidan ta leƙo ta ce, "Allah ya jiƙanka, Gizo. Mu ba ma ba gawa haya."

Da ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa, sai ya haye kusurwar rufin mutane ya saƙa ɗan gidansa a ɓoye. Can yake har yau, kuma duk matar da ta hango shi, tsintsiya take ɗaukowa.

To kun ji, jikokina. Wanda ya yafe bashi kuɗinsa kaɗai ya rasa. Wanda ya ci bashi da wayo kuwa, ko an yafe masa, ba ya sake samun mai buɗe masa ƙofa.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.