An Mayar da Zukiswa Makaranta

Akwai wata budurwa mai suna Zukiswa, a wani ƙauye kusa da garin Mthatha. Ita ce ta fara yin digiri a danginsu. Ranar da ta dawo gida an yanka tunkiya, mata suka yi ta guɗa, kawunta ya tsaya a garken shanu bisa al'adarsu ya sanar da kakannin da suka rasu cewa yarinya ta gama karatu.

Ba a jima ba, malamarta Dakta Mabandla ta samo mata gurbin digiri na biyu.

A ƙauyen kuwa, duk wanda ya gama makaranta kuma ya koma, to faɗuwa ya yi. Magana ta bazu. A bakin famfo ana cewa tunkiyar nan dai ta mutu a banza. Mahaifiyarta, wadda ake kira MamCirha, ta daina zuwa coci don kunya.

Zukiswa ta yi bayani har ta gaji, amma ba ta taɓa ce wa kowa jahili ba. Daga ƙarshe ta faɗa wa saurayinta Siphelo, direban tasi, cewa za ta haƙura da gurbin, mutuncin uwarta ya fi.

Siphelo ba mai yawan magana ba ne. Ya dube ta kawai, ya ta da mota. Ranar Asabar sai ga shi a ƙofar gida ɗauke da Dakta Mabandla.

Malamar ta cire takalmi, ta zauna a tabarma cikin matan unguwa, ta ci dafaffiyar masara da wake. Wata tsohuwa ta tambaye ta ko ita ma an taɓa mayar da ita makaranta.

"Sau biyu, Mama."

"Kai, 'yar nan, ashe ke ma kanki da tauri."

Aka yi dariya, har da malamar. Sannan ta ce lokacin da ta koma, babu malami ko ɗaya baƙar fata irinta a sashensu, babu mai iya faɗin sunanta daidai. Ta ce ba a kiran wanda ya faɗi, wanda ya fi kowa ake kira, kuma tana son in ta tsufa ta bar kujerarta ga 'yar da ta san hanyar famfo.

Wasu suka yarda, wasu suka taɓe baki.

Da safe Zukiswa ta tarar MamCirha ta soya kaza, ta naɗe ta da burodi a kan akwatinta.

"Mama, mutane fa?"

"Ke ki ji da littafi, ni zan ji da bakinsu. Tashi, wancan beben naki yana jira a waje."

Darasi: Idan ɗanku ko 'yarku ta ce za ta ƙara karatu bayan digiri, kada ku bar surutun mutane ya rufe mata ƙofa. Wanda bai fahimta ba, a yi masa bayani da haƙuri, ban da raini. Ku tura wannan labari ga ɗalibin da kuka san yana shakkar komawa.