Fangali Na Bakwai da Tumatirin Oktoba

Ranar Litinin, 6 ga Oktoba, aka fara wannan rashin adalci. Ku riƙe ranar da kyau.

Akwai wata dattijuwa a garinmu, kudu da Hobart, mai suna Glenys Duggan. Shekara ashirin da biyu tana noma fangali na bakwai a lambun unguwa.

Bana ta shirya wa bazara shiri na gaske. Za ta yi wa kwalekwalen marigayi mijinta fenti, ta koyi kiwon zuma, ta ƙarasa bargon jikarta, sannan a Fabrairu ta dafa miyar tumatir kwalba sittin kamar yadda ta saba.

Da safen nan ta tarar da takarda a allon sanarwa: "An yi watsi da fangali na bakwai. Za a ba wani." Mai sa hannu shi ne Warwick Thorne, sabon shugaban lambun, wanda ya ƙauro bara daga Brisbane, garin da ba a san tsananin sanyi ba.

Ta same shi yana ban ruwa.

"Warwick, wa ya yi watsi da me?"

"Haba Glenys, dubi wurin. Ƙasa tsirara. Kowa ya dasa tumatir tun makon jiya, ke kaɗai kika rage."

"Sun dasa ne don ka matsa musu. A nan ba a sa tumatir a ƙasa sai ranar baje kolin gona ta wuce. Ko tumakin maƙwabcina sun san wannan."

Ya yi dariya. "Camfin tsofaffi ke nan. In gwiwa ce ta gaza, ki faɗa, ba abin kunya ba ne."

"Gwiwata lafiya lau, ɗan Brisbane. Kai dai ka nemi rigar sanyi."

"Kwamiti zai zauna ranar 25. Sai ki yi musu bayani."

Ta koma gida ta ci gaba da kankare kwalekwale. A tagar kicin ɗinta kuwa dashen tumatir casa'in ne jere cikin kofuna, suna shan rana ta bayan gilashi.

Safiyar 16 ga wata sanyi ya sauko daga kan dutse, raɓa ta daskare. Tumatirin mutum goma sha ɗaya, har da na Warwick, ya kwanta baƙi wuluk, kamar dafaffen alayyafo.

Ranar Juma'a 24, washegarin baje koli, Glenys ta turo baro cike da dashe. Ta dasa talatin a fangalinta, ta raba sauran. Da ta zo kan Warwick ta miƙa masa shida.

"Ka kafa musu kara. Kuma ka rage ruwa, ba shinkafa ba ce."

"Na gode," ya ce, yana kallon takalminsa.

Kwamiti ya zauna minti huɗu, ya bar mata fangalinta. Glenys ta ce magana ta ƙare, fenti na jiranta.

A wurina ba ta ƙare ba. Shekara talatin da huɗu na koyar a firamare, kuma ban taɓa yarda wanda ya yi zagi a gaban aji ya ba da haƙuri a bayan ƙofa ba. An kira matar nan raguwa a idon mutum arba'in. "Na gode" cikin raɗa ba ta wanke wannan.

Darasi: Baƙo ko da ya zo da ilimi, ya tambayi 'yan gari kafin ya kira haƙurinsu lalaci. Ku tura wa duk ɗan lambun da kuka sani, har ya kai ga Warwick Thorne. Muna jira ya miƙe tsaye a taron gashin nama na Disamba, ya kira sunan Glenys Duggan, ya ba ta haƙuri kowa na ji.