Kwalbar da Mai Shayi Ya Jefa a Kogi

Malaminmu, shehin malamai, masanin Littafi da Sunna, ma'abocin tsentseni da zuhudu, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka makwancinsa, mutum ne da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko da a kan ɗalibi mai taurin kai. Daga cikin karamomin da Allah Ya bayyana a hannunsa akwai abin da ya faru da wani mai shayi, ranar wata Talata da hantsi, ƙarfe goma saura kwata.

Mai shayin nan ya daɗe yana fama da ciwon sukari. Allurar da yake yi wa kansa kullum ba ita ta fi cin ransa ba, sai yadda ciwon ya raba shi da mutane. A rumfarsa shi ke zuba wa kowa sukari, amma ba shi da ikon ɗanɗana abin da ya haɗa, har abokan ciniki suka riƙa yi masa tsiya: "Kai mai shayi, don likita ya hana ka sai mu ma ka hana mu? Ƙara cokali, malam!" Sai ya yi murmushin yaƙe ya ƙara. A gida kuwa, matarsa, saboda tsananin tausayi, ta ware masa kwano, tana kai masa ɗaki ta ja ƙofa, wai kada ya ga abin da yara ke ci ransa ya biya. Yana jin hayaniyarsu ta bayan bango, shi daga shi sai abinci lami da tunanin yayansa, wanda wannan ciwon ya ci ƙafarsa kafin ya ci ransa.

A safiyar nan ya rufe rumfa, ya taka har gada, ya jefa kwalbar maganin allurarsa a kogi, ya tsaya sai da ya ga ruwa ya tafi da ita. Ya ƙudurta ya daina ke nan, abin da zai faru ya faru. Bai gaya wa kowa ba.

Ko da ya dawo, sai ya tarar da Malam zaune a kan bencin rumfar, alhali bai taɓa zuwa wurin ba. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, lafiya?"

Malam ya buɗe tafin hannunsa, sai ga kwalbar, ruwa na ɗiga daga jikinta, da jan zaren da matar mai shayi ta ɗaura mata a wuya. Ɗalibai sun shaida cewa Malam yana cikin karantarwa ya rufe littafi a tsakiyar magana, ya nemi sandarsa, ya miƙe zuwa rumfar, kuma hanyar da ya bi ba ta kusanci kogi ba.

Malam ya ce, "Ka yar da amana. Jikin nan ba naka ba ne."

Mai shayi ya fashe da kuka. "Malam, na gaji. A roƙa mini Allah Ya ɗauke ciwon, ko ni Ya ɗauke ni."

"Ciwon zai zauna," in ji Malam. "Ka ce wa iyalinka ta ƙara hannu a irin abincinka, ta fito da shi tsakar gida. Ina tafe."

Tun daga ranar Malam yake cin abincin rana tare da shi a kwano ɗaya, ɗalibai na biyo shi, har Allah Ya karɓi ran Malam. Ciwon bai tafi ba. Ya ci yatsun ƙafar mai shayi, ya dusashe ganinsa. Amma bai sake barin allura ba, kuma ba a sake ja masa ƙofa ba.

Bayan rasuwar Malam ɗalibai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage a gaban kwanon su ne: mai shayi, matarsa, wadda ke yi masa allura yanzu, babbar 'yarsa, wani tsohon direba mai irin ciwon, sai mai rubuta wannan. Tsarki ya tabbata ga Mai ba bayinSa salihai abin da Ya so. Allah Ya ɗaukaka darajar Malam, Ya ba mu albarkacinsa, Ya sa kada mu yanke ƙauna kafin wa'adinmu ya cika. Amin.