Dutsen Da Ba Shi Da Suna

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani Sarki Jatau a birnin Zangaru, wanda baƙin ciki ya hana shi zaman fada, domin wani hatsabibin boka ya mayar da samarin birnin su dubu duwatsu a bayan ganuwa. Cikinsu har da Ilyasu, wanda aka yi wa baiko da 'yar sarkin, Gimbiya Yalwa.

Akwai ruwan karya sihirin, amma kurɓi ɗaya ne tak, na dutse ɗaya. Don ta gane dutsen Ilyasu, Yalwa ta ɗauki ruwan ta tafi bayan ganuwa wurin aljani Ƙurungu, mai tsaron littattafai biyu. Ɗaya na sunayen yankan samarin ne, ɗayan kuwa na duwatsun, inda bokan ya rubuta kamannin kowa da sunan da ya ji uwarsa ta kira tana kuka.

Aljanin ya ce, "Ranki ya daɗe, ban san tausayi ba. Zaɓa na iya, da haɗawa, da cirewa. Kowace tambaya kuma za ta ci shekara goma daga ƙuruciyarki."

Ta ce, "Zaɓo mini dogo mai wushirya."

Duwatsu ɗari uku suka yi haske. Ta tsaya tana dubansu, ba ta gane ko ɗaya ba.

Ta ce, "To haɗa littattafan biyu, suna da suna, ka nuna mini Ilyasu."

Aljanin ya haɗa, ya ce, "Babu shi." Furfura ta sauka a kanta.

Ta koma birni ba ta da sauran fata, ta durƙusa gaban Tasalla, mahaifiyar Ilyasu. "Iya, ba ki kira sunansa ba ne ranar da ya zama dutse?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "'Yar nan, ɗan fari ne. Duk matan garin sun yar da kunya sun kira nasu. Ni bakina ya ƙi. Kullum da wannan nake kwana."

Yalwa ta koma wurin aljanin, ta ce, "Cire duk dutsen da sunansa ya sami ɗan'uwa a ɗaya littafin. Bar mini abin da ya rage."

Haske ya tsaya kan dutse guda. Ta zuba ruwan da hannun da ya riga ya yamutse.

Ilyasu ya miƙe da ƙuruciyarsa, ya daɗe yana duban dattijuwar da ke gabansa. Sannan ya ce, "Yalwa, kin sha hanya."

Sarki ya koma kan karagarsa, aka ɗaura aure. Amma ba a yi kiɗa ba, don makaɗan birnin duka suna bayan ganuwa har yanzu.