Muryar Aku a Cikin Tsohon Inji

Akwai wani mutum da duk danginsa ke kira Injiniya. Ba gada ya gina ba, ba titi ya shimfiɗa ba. Kawai dai duk abin da ke aiki da wuta, in ya lalace wurinsa ake kaiwa. Aikinsa kula da kwamfutocin wani kamfani ne, kuma ya iya aikin, wannan babu ja. Aibinsa ɗaya ne: in yana magana a kan na'ura, kunnensa toshewa yake yi.

Wata rana kamfanin ya sayi sababbin kaya, aka fitar da tsohuwar babbar kwamfutar nan da ake kira saba, wadda ta shekara da shekaru tana riƙe da ajiyar ma'aikata. Za a zubar da ita, Injiniya ya ce a ba shi. Ya shigo da ita gida yana nishi, doguwa, mai faɗi, ga nauyi kamar buhun siminti.

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, ƙofar firjin wa ka ɓallo?"

Ya ce, "Rumbu na kawo miki. Daga yau babu wanda zai sake cewa wayarsa ta cika a gidan nan."

Ya kai ta ɗakin ajiya, ya ture akwatunan tafiya da teburin guga, ya yi mata wuri. Ya kwance ta, ya hure ƙurar cikinta, ya goge duk abin kamfani, ya mayar da ita wurin ajiya kawai. Ya haɗa ta da intanet ɗin gidan, yadda kowa zai iya tura hotuna da bidiyo daga wayarsa su zauna a can. In an kunna ta, fankokinta kan yi gurnani kamar jirgi zai tashi.

Abin da ya fi alfahari da shi faifan ajiya biyu ne da ke cikinta. Duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take ya sauka a ɗayan. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ɗakin ajiya ya gaishe da inji kafin a ba shi ruwa.

To, Injiniya yana da yaya mace, tela ce, tana da ɗan shago a bakin layinsu. 'Ya ɗaya Allah Ya ba ta, yarinya mai surutu har aka laƙaba mata Aku. Zazzaɓi na ɗan lokaci ya ɗauke ta tun ba ta gama iya rubuta sunanta ba.

Abin da Aku ta bari murya ce. Takan saci wayar uwarta ta shige ƙarƙashin teburin ɗinki tana naɗar kanta. Waƙoƙin da ta ƙaga da kanta, ƙarar babanta da take kawowa, labarin kyanwar maƙwabta, har da karatun da take yi tana tsallake rabi. Yaya ba ta taɓa tura wa kowa ko ɗaya ba, don kada a ce ta kasa haƙuri da hukuncin Allah. In ta idar da sallar asuba takan kara wayar a kunne, ta ji ɗaya, ta shafa addu'a, sannan ta fita nema.

Wayar kuwa ta tsufa. Gilashin ya tsage, bayan ya kumbura, da roba ake ɗaure ta. Ranar da Injiniya ya gan ta sai ya riƙe baki.

"Yaya, wannan ai bam kike yawo da shi. Batirin ya kumbura. Gobe in ta mutu, shi ke nan an yi asarar komai. Kawo in kwashe miki su zuwa inji."

Gaskiya ya faɗa, 'yan uwa, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Yaya ta miƙa masa wayar da hannu biyu kamar mai miƙa jariri.

Ta ce, "Ka kwashe, amma ka bar min su a cikinta ma. Ko ka sa min a ɗan memorin nan in ƙulle a gefen zane."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Memori? Abin da ke faɗawa a wanki? Yaya, injin nan kamfani guda ya riƙe. Faifai biyu ne a ciki, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Ke dai ki tsaya a kan allura da zare, ki bar min wannan."

Ta sakar masa. Ƙaninta ne, ita ta goye shi, amma ya yi karatun da ba ta yi ba.

Ya kwashe komai. Da ya ga sun zauna lafiya, sai ya share tsohuwar wayar tas, ya kai ta kasuwa ya musanya da sabuwa, ya kai wa Yaya a kwali. Ya nuna mata inda za ta taɓa, daga ɗakinta muryar Aku ta fito tar, ta fi ta da kyau ma. Yaya ta tambayi tsohuwar wayar, ya ce ta tafi inda tsofaffi ke tafiya. Duk da haka ta sa masa albarka.

Aka ɗauki lokaci a haka lafiya lau.

Sai wata rana injin ya fara kuka, tsit, tsit, ba tsayawa. Wata 'yar fitila da ke kore ta koma ruwan lemo. Injiniya ya san ma'anar abin sarai: faifai ɗaya ya mutu, saura ɗaya ke ɗauke da komai.

Matarsa ta ce, "Abin nan naka ya hana ni jin ko sallamar baƙi."

Ya shiga ya kashe ƙarar. Fitilar kuma ya manna mata baƙin salatif don ta daina tsone masa ido.

Ta ce, "Ka gyara?"

"Na sa ya yi shiru. Ɗayan garau yake. In na samu faifai mai kyau zan canza, ba kowane tarkace zan zura masa ba."

"To ka kwafe wa Yaya nata a wani wuri mana kafin nan."

Ya dube ta sheƙeƙe. "Ashe injiniyoyi biyu ne a gidan ban sani ba. Sai ki ɗauko sukundireba mu raba aikin."

Ta juya ta koma kicin.

Abin da aka hana kuka, mantawa ake yi da shi. Aiki ya yi masa yawa, aka tura shi tafiya, ya dawo, yaronsa ya yi rashin lafiya, ya warke. Duk wanda ya leƙa ɗakin ajiya ba ya jin komai sai gurnanin fanka. Yaya kuma kullum da asuba tana jin 'yarta, ba ta san a kan zare ɗaya abin yake rataye ba.

Da ya tashi kawo sabon faifan, da rana tsaka ne, yana fito. Zuciyarsa ta raya masa ya fara kwashe na Yaya a gefe tukuna. Ya ce ina, aikin 'yan koyo ke nan, inji ya san aikinsa. Ya zare mataccen, ya zura sabon, ya ba da umarni a kwafe.

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, faifan nan biyu sa'annin juna ne. Rana ɗaya aka sa su, wahala ɗaya suka sha a kamfani. Wanda ya rage ɗin ma lallaɓawa yake yi. Yanzu kuma an ce ya karanto duk abin da ke cikinsa daga farko har ƙarshe ba hutu, kamar a ce tsoho mai sanda ya yi tsere.

Layin da ke nuna tafiyar aiki ya ja, ya ja, bai kai rabi ba ya tsaya. Sai wata ƙara daga cikin injin: ƙas, ƙas, ƙas.

Injiniya ya kashe, ya kunna. Ƙas, ƙas. Ya sake kashewa, ya sake kunnawa. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi ta yi har matarsa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, shi kuwa bai iya ɗaga kai ba.

Ya kwashi tsofaffin faifan biyu ya kai wa wani gwani da aikinsa ke nan, ceto ajiyar da ta lalace. Mutumin ya buɗe na farko, ya girgiza kai, ya ce an bar shi yana juyawa da rauni har ya cinye kansa. Ya buɗe na biyu a ƙarƙashin fitila. Fuskar da ya kamata ta yi sheƙi kamar madubi duk ta karce, ga wani gari-gari mai toka a gefe.

Ya ce, "Sau nawa ka kunna shi bayan ya fara ƙara?"

Sai ya nuna wa Injiniya ƙurar da yatsa.

"Ka ga wannan ƙurar? Ajiyarka ce. Kowace kunnawa kankare ta kake yi. Sai dai haƙuri."

Washegari da safe Yaya ta kira. "Ƙanina, yau ta ƙi buɗewa. Ko na taɓa wani abu ne?"

Ya ce, "Netwok ne, Yaya."

Gobe ma netwok. Jibi ya ce ana gyara. Ta daina tambaya, sai dai ta kira ta gaishe shi, ta tambayi yara, ta ɗan jira ko da labari, sannan ta yi sallama. Abinci ya daina shiga bakinsa. A ƙarshe matarsa ta ce, "Ka je ka faɗa mata. In ba ka je ba, wallahi ni zan je."

Ya same ta a shago tana kan keke, tef ɗin awo a wuya. Ya durƙusa a kan ƙyallayen da ke ƙasa, da girmansa da rigar ofis ɗinsa. Ya faɗa mata komai, har salatif ɗin bai ɓoye ba.

Ƙafarta ta tsaya a kan feda. Ta yi salati a hankali. Ta daɗe tana kallon allurar.

"Duka?"

"Duka, Yaya."

"Har wadda take kirana?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ranar farko Mai ita ne Ya karɓi abinSa, ban ce komai ba. Yau ma ba zan ce ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Amma kai da ka kwashe su, ai ka ji. Akwai wata waƙa da take yi a kan kyanwa, farkonta nake nema tun shekaranjiya ya ɓace min. Ɗan tuna min."

Injiniya bai san waƙar ba. Ya san nauyinsu, ya san inda ya jera su, ya san irin sunan da ya ba kowane rukuni. Amma ko ɗaya bai taɓa buɗewa ya saurara ba.

Yaya ta dube shi, ta gane. Ta ce, "Tashi, ƙanina, za ka ɓata wandonka." Ta mayar da ƙafa kan feda, keken ya ci gaba da tafiya, babu zare a allurar, ba ta lura ba.

Daga ranar Injiniya ya zama mai bara a cikin dangi. Gida gida yake bi yana roƙon a bar shi ya duba tsofaffin wayoyi. Hotuna kam an samu, Aku a tsaye, Aku a goye, Aku da baki buɗe tana magana. Murya ce babu.

Ana nan sai wata mata da ke kawo wa Yaya ɗinki ta ji labari. Ta ce ta taɓa ɗaukar bidiyon wata riga a shagon don ta nuna wa ƙanwarta. Aka nemo shi. Riga ce kawai a rataye, hannu yana juya ta, mata suna gardama a kan wuyan. Can baya, cikin ƙarar keke da hon ɗin motoci, wani yaro ya yi dariya, gajeruwa, ta wuce kafin ka ƙifta ido.

Ba a ga fuska ba. Yara da yawa na wasa a bakin shagon nan. Matar ma ta ce ba ta tuna ko Aku na nan a ranar.

Yaya ta karɓi wayar ta kara a kunne. Ta mayar baya, ta sake ji. Ta sake mayarwa. Injiniya na tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ita ce."

Babu wanda ya ce a'a, babu wanda ya ce e. Ita ma ba ta ɗago ta tambayi kowa ba.

Darasi: Ilimi ba ya hana ƙaddara, amma girman kai yana buɗe mata ƙofa. In an ba ka amanar abin da ba a saya a kasuwa, ka saurari mai shi ko da bai kai ka sani ba, kada ka tara shi wuri ɗaya, kuma kada ka toshe bakin abin da ke yi maka gargaɗi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyaye haƙuri. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya tashi yau ya adana muryar da ba za a sake yi masa ba.